Babu Wanda Ya Bar Djougou

Ba zan taɓa mantawa da aikin ƙidayar da aka ɗora mini ba, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ina ƙaramin akawu a Parakou. Gwamnati na son sanin wace gunduma ce ke tara mutane, wace ce ke zubar da su. Shef ɗinmu, wato shugaban ofis, ya miƙo mini takarda mai gida biyu, na waɗanda suka zo da na waɗanda suka tafi. Ya ce in na dawo da ita wayam, in nemi wani aikin.

Na fara da Gare, unguwar tashar jirgin ƙasa, inda 'yan Djougou suka fi yawa. Wani mahauci da jikokinsa ke wasa a gindin teburinsa ya harare ni, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci.

"Mushe, wa ya ce maka na zo? Shanu na rako. Da sun ƙare zan koma."

Shanun nan tun kafin a haife ni suke ƙarewa. Haka masu lodin kamyo, manyan motocin kaya, haka 'yan goron unguwar Titirou, kowa wucewa yake yi.

Na ce to, a garinmu Djougou zan kama su. Ina! Gida bayan gida, har ƙauyen Onklou, amsar ɗaya ce: ya je fatauci, yana hanya. Jikokin madugai ba sa ƙaura, tafiya ce kawai take yi musu tsawo. Na yi ta dariyarsu a zuci, har layi ya kawo ni ƙofar gidanmu.

Yayana ya bi hanyar goro ya yi yamma shekaru da yawa, ko wasiƙa babu. Ga suna ɗaya dai da na tabbatar, wanda zai cece ni a wurin Shef. Na ɗaga alƙalami, sai Inna ta riƙe mini hannu.

"Me za ka rubuta?"

"Yaya ne, Inna. Ai ya tafi."

"Jiya na shanya tabarmarsa. In ka rubuta wa gwamnati ya tafi, to kai ka fitar da shi daga gidan nan, ba ni ba."

Wallahi kunya ta kama ni, da tausayin da ban taɓa ji ba. Na mayar da alƙalamin aljihu.

Na koma Parakou da takarda wayam, na riga na haɗa kayana. Shef ya juya ta, ya sake juyawa, sai ya washe baki. Ya aika rahoto cewa tun da aka samu 'yanci, jama'armu sun ji daɗi har ba mai motsawa daga garinsu. Aka yaba masa, ni ma aikina ya tsira.

Inna ta rasu ba ta ga Yaya ba. Abin da na koya shi ne, takardar gwamnati ba ta san ranar da mutum ya bar gida ba. Mutum bai tafi ba sai mai jiransa ya daina jira, kuma Innarmu ba ta daina ba.