Dodon da Aka Karɓe wa Fuska

Ni na ɗinka wa Milos Vondra duk tsummokin da ya mutu a cikinsu a fim, kuma mutuwarsa ba ta ƙirguwa: an ƙone shi, an nutsar da shi a fadama, an soke shi da mashi. Ɗan ƙasarmu ne, Bohemiya, can tsakiyar Turai. A can ɗan wasan dandali ne mai murya kamar ganga, amma da ya iso Hollywood suka ji Turancinsa, sai suka ce ya rufe baki. Dogo ne mai zurfin ido, don haka ƙaramin kamfanin da nake wa ɗinki ya mai da shi dodo.

A zamanin, a kan fatar mutum ake gina dodo. Mai kwalliyarmu, Dudley Pruitt, yakan yi ta liƙa masa auduga da gam tun sassafe har hantsi, in an tashi aiki a ɓamɓare su da wani ruwa mai cin fata. Kumatun Milos kullum a saluɓe suke. Amma fa yana son aikin nan kamar ransa.

"Ƙanwata Ludmila," yakan ce mini, "sun hana ni baki, ba su hana ni ido ba. Da gira ɗaya nake sa matan Amurka su ƙanƙame mazajensu."

"Kai ko ba auduga ai za su ƙanƙame su," in ce masa. Sai ya yi ta dariya har gam ɗin ya tsage.

Bayan yaƙin duniya na biyu roba ta shigo. Pruitt ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Abokina, wahalarka ta ƙare. Mu zuba maka farar ƙasa a fuska mu sami mazubi, mu riƙa fitar da fuskar roba, ka zura kamar hula." Milos har godiya ya yi. Ya kwanta, aka sa masa bututun takarda a hanci, aka rufe shi da kwaɓi. Daga shi har ni babu wanda ya tambayi na wa ne mazubin.

Na kamfani ne. Da fuskar ta zama abin ratayewa a ƙusa, kowane dogon ƙato ya isa ya zama dodo. Aka daina kiran Milos. Ya koma wanke kwanuka a gidan abincin wani Bahangare, ɗan wata ƙasa kusa da tamu, ranar Lahadi ya zo in dafa masa kabeji da naman alade, ya yi ta tambayata ko an ambaci sunansa. Burinsa bai wuce ya sake tsayawa gaban kyamara ko sau ɗaya ba. Shekaru suka ja, haƙora suka zube, ciwon ɓarin jiki ya karkatar masa da baki.

Ran nan sai ga saƙo, kamfani na nemansa. Na goge masa kwat, ya yi aski, ya tafi yana jan ƙafa, ni ina binsa. Raina ya ba ni ba alheri ba ne.

Ba darakta muka tarar ba, Pruitt ne a ɗakin kwalliya. Ashe mazubin ne ya faɗi ya fashe, sabo suke so.

Ya kama haɓar Milos ya juya ta wajen fitila. "Tsoho, ai yanzu ka fi da kyau. Wannan ko ƙari ba ta buƙata."

"Fim ɗin fa? Akwai inda zan fito?"

"Kwanta tukuna, za mu gani."

Na ce masa da yarenmu, "Yaya, tashi mu tafi. In ka ba su wannan, me ya rage maka?"

"In na ƙi, har fuskar robar ma ta mutu," ya ce. Ya kwanta.

Na riƙe hannunsa har kwaɓin ya sandare. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani Pruitt a ranar ba, yana 'yar waƙarsa da fito yana wanke hannu. Da ya ɗaga mazubin ya duba ciki, sai ya yi tsaki. Ƙarƙashin idanun, kwaɓin bai kama ba, hawaye sun jiƙa shi sun yi layi har gefen baki. Ya lakato sabon kwaɓi da babban yatsa ya shafe wurin.

"In na bar shi, zai fito a jikin robar," ya ce. "Kuna iya tafiya."