Yadda Ruwan Inabi Ya Raba Ni da Ladanci

An raba ni da ladancin masallacin unguwarmu a Jajaye saboda ruwan inabi. Ko ɗigo ban sha ba.

Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla. Murya ce Allah ya ba ni. Na daɗe a kurmi ina gadi da wankin kofuna a wani otal, har aka yi rikicin da ya cinye ɗakina da abokin kwanana, na dawo gida da rigar jikina. Liman ya ji muryata, ya ce in gwada kiran salla. Shekaru ina yi. Ba albashi, sai damin dawa da kaka, da kuma in ka wuce a ce, "Ladan, barka da rana." Wanda ya taɓa rasa komai ya san nauyin wannan gaisuwar.

Akwai wani Alhaji a unguwar, dā dillalin gyaɗa ne a kasuwar Rogo, daga baya ya koma shigo da motoci daga Kwatano. Ya gina bene, ya kira walimar tarewa bayan azahar. Liman ya zo, mai unguwa ya zo, da wani dattijo mai awon hatsi, da sauran manya. Aka ci shinkafa da kaji. Sai Alhaji ya sa aka shigo da katan.

"Yau ba lemon kwalba za ku sha ba," in ji shi. "Ruwan inabi ne, daga Faransa."

An saba ganin ruwan inabi marar maye a bikin masu kuɗi, wanda ake buɗewa ya yi kumfa. Kowa ya ɗauka shi ne. Ga hoton inabi a jikin kwalba, rubutun kuwa faransanci ne, ba mai iya karantawa, har shi Alhajin. Kala uku ne, ja da fari da wani ruwan hoda.

Aka raba kofunan gilashi masu dogon wuya. Alhaji ya tsaya yana koya wa dattawa sha, kamar yau aka haife su. Wai a ƙafa ake riƙe kofin, a juya shi, a shinshina, sannan a kurɓa. Haka ya ga ana yi a can. Mutanen da suka tsufa suna kafa kai a ƙwaryar fura, ga su suna juya gilashi da yatsu biyu.

Mai unguwa ya kurɓi jan, ya yamutsa fuska. "Wannan ai zoɓo ne da ya kwana."

"Ranka ya daɗe, tsufan nan shi ne tsadarsa," in ji Alhaji.

"To, in haka ne ƙaro."

Mai awo ya fi son farin. Ya ce tsaminsa kamar tsamiya, amma yana ɗumama ƙirji, zai yi maganin sanyi. Wani ya nemi sukari, aka yi masa dariya, aka ce baƙauye ne. Liman ya ɗaga na ruwan hodar, ya ce inabi ɗan itacen Aljanna ne, ya yi bismilla. Ya shanye, ya ce a ba shi jan ya gwada, don kada ya yi hukunci bai ji kowane ɓangare ba. Aka yi ta gardamar wanne ya fi, murya tana ƙara hawa. Mai awo, wanda ban taɓa ganin haƙorinsa ba, har da ƙyaƙyatawa.

Ni ina bakin ƙofa, sai a ƙarshe kofi ya iso gare ni. Ban kai shi baki ba.

"Alhaji, wannan giya ce."

Alhaji ya dube ni. "Ladan, yaushe ka koyi faransanci?"

"Ban iya ba. Warin na sani."

"Oho," in ji mai unguwa. "Hancin naka a wace makaranta ya yi karatu?"

Na ce musu irinta na yi shekaru ina wankewa a kofunan otal.

"Wankewa kawai?" in ji mai awo. "Duk shekarun nan, ko sau ɗaya ba ka lashi yatsa ba?"

Aka fashe da dariya. Liman bai yi ba. Ya tura kofinsa bayan gwiwarsa.

Na fita na kira la'asar. Liman ya ta da kabbara, ya kama karatu a bayyane kamar magariba. Ni kaɗai na ce subhanallah. A sahu wani yana shaƙuwa.

Da a ranar sun ce ba mu sani ba, da magana ta mutu. Liman da bakinsa ya sha gaya mana Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Amma ba shan ne ya dame su ba. Sun yaba, sun ƙara, kowa ya zaɓi gwaninsa a gaban jama'a. Wannan ne ba za su iya haɗiyewa ba. Kafin sati, zancen da ke yawo a majalisa shi ne ladan tsohon mashayi ne, ya tona kansa. Katan ɗin kuwa ba a sake ganinsa ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Liman ya kira ni zaurensa. Ya daɗe yana gaisuwa, yana tambayar gona.

"Malam Ladan, mutane suna magana. Gobe bayan salla ka miƙe ka ce hancinka ne ya yi kuskure. Shi ke nan, ka ci gaba da aikinka."

"Allah gafarta Malam, la'asar ɗin ma hancina ne?"

Ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Can ya ce shekaru sun ja, ya kamata in huta. Na ciro mabuɗin ɗakin lasifika na ajiye masa a kan buzu. Washegari ƙanin Alhaji ne ya kira salla.

Na ƙara wata biyu a Jajaye. Masu gaishe ni suka koma kiran sunana tsirara, yara kuma in na wuce sai su toshe hanci. Da aka cire amfanin gona na ɗaure kayana a bayan ɗan acaɓa.

Yanzu ina wani ƙauye da ake kira Turawa, wajen ƙanena. Ina noman gyaɗa a gonar da ya yankar mini, ina kiwon awaki. Mutanen nan ba su san ina da murya ba, ni ma ban gaya musu ba.