Mai Kunne da Kwamfutar da Ke Buga Waya da Kanta

Kafin masu shaguna su gama share ƙofa, Mai Kunne, mai gyaran kwamfuta, ya ɗaure jakar kayan aikinsa a bayan babur. Haka yake tun zamanin da intanet ke bin wayar tarho ta gida, in kwamfuta ta hau layi sai mai kira ya haƙura. Halinsa ne ya ja masa sunan: in ya shiga gida ba ya taɓa komai sai ya ɗaga kan tarho ya kasa kunne. Yanzu gwiwa ta ce ya isa haka, ya ajiye aiki, kuma wallahi bai kamata ya tafi shiru ba.

A tambayi matar tela. A lokacin mijinta na kwance yana jiran aikin zuciya. Asibiti sun ce za su bugo da zarar gado ya samu, in ba a same su ba a ba na bayansu. Ga layin gidan kullum a kame, alhali ba mai magana. Wani mai gyara ya zo, ya ɗora wa kamfanin waya laifi, ya kaɗe rigarsa.

Da aka kira Mai Kunne, ya ɗaga tarho ya ji ƙugin kwamfuta. Ya katse, ya samu wuri ya zauna. Ba a jima ba kwamfutar falo ta sake bugawa, ba wanda ya taɓa ta.

"Baba, anya ba aljanu ba ne?" in ji matar, da dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Aljanin da ke shan lantarki ai bai fi ƙarfina ba, 'yata. Ba ni ba barin gidan nan sai na kama shi."

Ya bi saitin kwamfutar ɗaya bayan ɗaya, ta sake bugawa. Da wani ne da ya tsinke wayar kowa ya huta, amma ta nan ɗansu da ke nesa yake aiko saƙon da ke sanyaya ran mara lafiya. Sai dattijon ya durƙusa, da gwiwar nan tasa, ya bi wata waya daga bayan kwamfutar, ta gindin bango, har ɗakin ɗinki. Can ƙarƙashin wani ƙyalle ga tsohuwar kwamfutar ɗan, tana hura iska abinta.

"Haba! Ai wannan da hannuna na kashe ta," in ji matar.

"Fuskar kika kashe, cikin yana nan a farke."

Ashe ita ce ke neman sabon saƙo a kai a kai, tana ingiza ta falo ta buga. Ya gyara saitin yadda ba bugu sai mutum ya ce a buga, ya sa matar ta gwada da kanta har hannunta ya faɗa.

Washegari da hantsi tarho ya yi ƙara. Asibiti ne. Sun ce jiya sun nema, layi a kame, da yau ma haka ne da sun wuce su.

Kai ne mai bin waya har inda ta ƙare, Mai Kunne. Kai ne wanda bai taɓa cewa "a yi haƙuri da shi haka" ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu gyaran yanzu, ku da kuke gaggawar cewa a sayi sabo, ku koyi zama har a gano bakin zaren.

Rigar da ka sa ranar da aka yi maka sallama kuwa, telan nan ne ya ɗinka ta da hannunsa, yana zaune daram a bakin aikinsa.