Taliyar da Na Koya a Dangora

A daminar da muka taso daga Doguwa za mu kai 'yata asibiti a Kano, motarmu ta lalace kusa da Dangora. Wani Bature ɗan Italiya mai aikin hanya ya sauke mu a gidansa kwana uku.

Matarsa ba ta jin Hausa sosai. Da ta ga yarinyar ta ƙi tuwo, sai ta ja ni madafi. Ta zuba garin alkama a kan tebur, ta fasa ƙwai uku a tsakiya, ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake murzawa. Muka shimfiɗa kwaɓin da kwalba, muka yanka siriri, muka dafa da tumatir da tafarnuwa.

'Yata ta cinye rabin kwano, ta ce, "Inna, in mun koma gida za ki yi mini?"

Na ce, "Kullum, in Allah ya yarda."

Kwananmu biyu a Kano ta rasu. A hanyar dawowa na sauka in gaya wa matar. Tana ganina ni kaɗai ta gane. Ta rungume ni a bakin ƙofa, muka yi ta kuka har direba ya gaji da jira.