Uwar Amaryar da Ta Haƙura da Humra

Kafin 'yan makaranta su cika titin Tudun Wada, Inna Juwairiyya ta tari keke, ta nufi ɗakin ɓeraye na sashen binciken ƙwaƙwalwa a jami'a. Ta share, ta canza musu shimfiɗa, ta zuba ruwa da abinci. Shekara da shekaru ke nan. Kuma ba ta shafa turare, domin baƙon ƙamshi na firgita fararen ɓerayen nan har su ƙi ci. Jama'a, macen da ta tashi a gidan masu haɗa humra, ta haƙura da humra saboda ɓera!

Ku tambayi Sharfaddeen, ɗalibin da ke neman digirin dakta. Da ƙyar ya samo 'yar kwalba ɗaya tak ta ƙwayar bairos da aka cire wa illa, aka ɗora mata sinadarin haske. Allurarta ake yi wa ɓera a ƙwaƙwalwa, a jira makonni, sai jijiyoyin da ta shiga su yi kore shar, a ga inda kowace ta dosa. In ɓerayen suka mutu kafin lokaci, babu wata kwalbar, karatunsa ya bi ruwa.

Ana cikin jiran nan bikin 'yarta Surayya ya zo. Gida ya turnuƙe da turaren wuta, ga ɓerayen da aka yi wa aiki ba sa cin abinci sai daga hannunta.

"Inna, ki zauna ki yi bikinki, zan lallaɓa su," in ji Sharfaddeen.

"Kai ɗin? Ai ko ni ce ɓeran ba zan ci ba. Je ka, Allah ya yi maka albarka."

Gidan maƙwabta ta kai kayan aikinta. Can take wanka kowace safiya ta sulale wurin aiki, ta dawo ta tarbi baƙi nesa da kaskon turare. Ƙawaye suka yi ta tsiya: "Uwar amarya ba ƙamshi!" Ta yi dariya, amma ƙanwarta Rakiya ta ga ƙwallarta lokacin da ake rabon humrar biki.

Ke ce uwar marasa baki, Inna. Ko ɗaya bai mutu a hannunki ba.

Ranar da aka duba ƙwaƙwalwar a madubin ƙara girma, da gudu Sharfaddeen ya kira ta. Ta kanga ido. Tabarakallah! Ga jijiyoyi kore shar, sun yi rassa kamar saiwar bishiya. Ba ta san sa'ad da ta rangaɗa guɗa ba, har malamai suka fito daga ofisoshinsu.

A watan nan ta yi ritaya. Ɗalibai suka miƙa mata kwalbar humra, suka ce ta buɗe nan take. Ta waiwayi ƙofar ɗakin ɓeraye, ta ce a bari sai ta fita titi.

Mun gode, Inna. Masu tasowa, ku riƙe amana irin wannan riƙo. Ke kuma kin fita titi yanzu, buɗe ki shafa abinki.