Kwana Tara na Kawu Mai Tsaki

Kawuna, yayan mahaifiyarmu, bakanike ne, kuma a iya sanina babu abin da ya taɓa burge shi. Ka kawo masa shayi, tsaki. Ka nuna masa sabuwar mota, tsaki biyu, ya ce robar wanka ce aka sa wa taya. Shi ya sa tun yana garejinsa na bakin titi ake ce masa Mai Tsaki. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a ƙarƙashin motocin mutane, har hannunsa ya fara rawa, masu mota suka janye jiki. Ya kwashe sifanunsa ya koma gida, kullum yana goge su kamar gobe za a kira shi.

Mama ce ta kira shi. Motar marigayi Babanmu, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta shekara goma sha ɗaya a bayan gida, rufe da tamfol. Mama ta ce ba hawa take so ba, ƙarar motar kawai take so ta sake ji a gidan nan, ko sau ɗaya ne. Kawu ya yi tsaki, ya ce za ta ji.

Ranar da aka ɗaga bonet sai da na toshe hanci. Ɓeraye sun kafa gari a ciki: tsummoki, kashi, da wani mushe da ya bushe a kan batir. Baƙin mai ya daskare kamar kwalta. Kawu ya ce ko jaki ba a yi wa wannan wulaƙanci, ya naɗe hannun riga ya kwashe ƙazantar da hannunsa.

Cikin mako guda ya shawo kan komai, saura abu ɗaya, distiributa, wadda ke raba wuta ga fulogogi bi da bi. Sandar cikinta ta cije, sai an zaro distiributar an wanke, ita kuma ta ce ba inda za ta. Kawu ya yi mini bayani cewa jikinta alminiyom ne, ramin da take zaune ƙarfe ne, tsatsa da tsohon mai sun liƙe su. Wuyanta siriri ne, in ya karye shi ke nan, don an daina ƙera irinta tun ban zo duniya ba. Ya riga ya tambayi duk masu kayan gyaran da ya sani.

Kowace safiya sai ya zo da kwalbar man birki gauraye da kananzir, ya ɗiɗɗiga a gindinta, ya ƙwanƙwasa a hankali da ƙotar guduma, ya kama da hannu biyu ya gwada murɗawa hagu da dama. Sannan ya rufe ya tafi. Na lura da wani abu da ban faɗa wa kowa ba: muddin yana riƙe da ita, hannunsa ba ya rawa.

Sai ga Yaya, babban wanmu. Mutumin da bai taɓa ɗaga tamfol ɗin nan ba, yanzu ya ɗauki hoton motar ya baza wa abokansa, ya cika baki cewa ranar Asabar za su gan shi a ciki. Ya ce tsohon nan wasa yake da hankalinmu, kwana takwas ana shafa wa ƙarfe mai kamar jariri. Da la'asar, Mama ta tafi asibiti awon jini, ya shigo da wani ƙato mai sabuwar rigar aiki wadda ko ɗigon mai babu. Na ce wa Yaya ya jira Kawu. Ya ce me na sani a kan inji, in ba mutane wuri.

Ƙaton ya zura dogon ƙarfe a ƙarƙashin distiributar, ya danna da dukan nauyinsa. Ƙas.

Ba karyewar ce ta fi ba ni takaici ba, abin da ya biyo baya ne. Ƙaton ya ce dama ta ruɓe, ya goge hannu a jikin tamfol ya kama gabansa. Yaya kuwa, gandamemen magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya ɗauki karyayyen kan ya ɗora a mazauninsa, ya daidaita shi tsaf, ya rufe bonet kamar kyanwa ta binne kashinta. Wai kuma kada in faɗa. Ban taɓa jin ƙyamar ɗan'uwana irin ta ranar ba.

Safiya ta tara Kawu ya zo da kwalbarsa, Mama na biye da shi. Yana kamawa, kan ya biyo hannunsa. Ya dubi farin karayar, ya dubi shatin ƙarfen da aka danna ta da shi. Yaya ya fara kame-kame daga bakin ƙofa, Kawu ko kallonsa bai yi ba. Ya sa yatsu biyu ya kama guntun da ya rage a ramin, ya murɗa. Guntun ya juya sumul, ya fito a jiƙe da mai har ƙasa.

"Kwana ɗaya kacal ta roƙa," in ji shi.

Duk muka tsaya jiran tsaki. Bai zo ba. Ya haɗa gutsattsarin biyu ya sa wa Mama a tafin hannu.

"Ki yafe ni, ƙanwata. Ba za ki ji ta ba."

Da ya zo tattara sifanunsa, hannun ya riƙa rawa har suna ƙara, sai ni na zuba masa su a akwati. Mama da kanta ta mayar da tamfol.

Tun daga ranar Kawu bai sake yin tsaki ba. Ka ba shi shayi mai sanyi, sai ya shanye ya ce an gode. Ni ce na gaje shi, kuma duk sanda Yaya ya yi sallama a gidan nan sai ya ji.