Kumburin da Na Ɗauka Ƙiba Ce

A lokacin ina yarinya mai haihuwar fari, muna zaune a wani ƙauye kusa da Managil a ƙasar Sudan, ni da maigidana muna tsinkar auduga a hawashar wani Balarabe, wato gonarsa. Ɗiyata na da wata huɗu nonona ya ƙafe, ga rana ga aiki. Maigida ya shiga kasuwa ya sayo madarar gwangwani da kwalbar shayarwa. Akwai rubutu a jikin gwangwanin, amma kaf gidanmu ba mai iya karanta shi, ni kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba.

Da na dama na ɗanɗana, sai na ji salam. Mu da ko baƙo ba mu ba shi shayi sai sukari ya ji, yaya zan ba ɗiyata wannan ruwa-ruwan? Sai na rage garin madara don gwangwani ya daɗe, na cike da sukari da ruwan koko. Wallahi zuƙa take har da lumshe ido. Ba a yi wata biyu ba kumatu suka cika, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul. Matan da muke tsinka tare suna ta yaba mini, ni kuwa sai ƙara sukari nake. Surukata ta ce gashin yarinyar nan ya yi ja, kuma ta daina dariya. Na ce a raina tsohuwa dai ba ta rasa abin faɗa.

Ranar da ta ƙi karɓar kwalba muka hau lori zuwa asibiti. Likita ya danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya tambayi abin da nake ba ta, na faɗa masa, har da alfaharina. Sai ya ce, "Ya bitti, 'yata, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Yunwa ke cin ɗiyarki." Kwana uku muka yi, Allah ya karɓi abinsa.

Na san kwananta ne ya ƙare, amma baƙin cikin bai sake ni ba har yau da furfura. 'Yan'uwana mata, sukari yana rufe bakin jariri ne kawai, ba ya gina jiki. Kada ku rage madara, kada ku ƙara mata komai da ka, ku nemi wanda ya sani. Ni ba maƙiyi ya cuci ɗiyata ba. Da hannuna na dama, ina yi mata wasa na ba ta.